Tambayi Likita: An Ce Naman Ƙafar Baba Ne Ke Cin Kansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Auyo. Mahaifina manomi ne, ya haura shekara sittin, kuma yana da ciwon suga. Lokacin girbin dawa tsinin kara ya soke shi a ƙasan babban yatsan ƙafar dama. Yau wata bakwai ciwon bai rufe ba. Faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo, yana tsattsafar ruwa, gefensa ya yi kanta. Shi ya ce ba ya jin zafi, kullum yana gonar shinkafarsa. Mun zuba garin kafso ja da yalo, mun sa jibi, wato ruwan maganin nan mai rina ciwo, mun yi na gargajiya. Baffannina sun ce sammu ya taka, wasu sun ce daji ne. Da muka je asibiti likita ya ce naman ne ke cin kansa, sai an kankare ciwon. Baba ya ƙi, ya ce ba za a ƙara masa ciwo a kan ciwo ba. Yaya nama zai ci kansa? Akwai maganin da zai hana?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Likitan da ya duba shi gaskiya ya faɗa, sai dai ya faɗe ta a gurguje, irin ta wanda layi ke jira a ƙofa. Ni da nake da fili bari in warware maka, don kai ne za ka zauna da Baba a zaure ka shawo kansa, ba mu ba.

Abin da ke riƙe da fata da jijiya da guringuntsi, har da ƙashi, wani zare ne mai tauri da ake kira kolajin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikin mutum shi ne. Ka san shi ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne ganda, shi ne ƙirgin da majema ke jemewa, shi ne ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana cikin sanyin hunturu. Sili uku aka tufke wuri guda, kuma saboda wannan tufkar yawancin sinadaran jiki masu narka nama ba sa iya yi masa komai.

Taurin nan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Idan kolajin ba ya narkewa, ina wutsiyar talibambam ke zuwa in zai zama kwaɗo? Yaran da ke wasa a kududdufi kan ce gutsirewa take yi ta faɗi. Ba ta faɗuwa, jiki ne ke shanye ta. A 1962 wasu masana biyu a birnin Boston na Amurka, Jerome Gross da Charles Lapiere, suka ɗora ɗan yankin wutsiyar a kan kolajin da suka daskarar a faranti, sai kolajin da ke kewaye da ita ya narke. Wutsiyar ce ke fitar da wani abu mai yanka zaren. Daga nan aka bi sawu har aka gano dangi ne guda, a jikin ɗan Adam su 23, ana kiran su MMP a taƙaice, kowanne da lambarsa. Enzayim ne, wato furotin da aikinsa yanka wani furotin. Kowannensu yana ɗauke da ƙwayar zink a bakinsa, zink ɗin nan dai da ake haɗa wa yara da ruwan gishiri da suga idan suna gudawa, kuma in babu shi babu yanka. MMP-1 yakan kama zaren kolajin ya datse shi a wuri guda tak, gefe ɗaya kashi uku cikin huɗu, ɗayan kashi ɗaya. Da an datse, ɗumin jiki kaɗai ya isa ya warware tufkar, sai MMP-2 da MMP-9 su ƙarasa guntayen.

Kada ka ɗauke su abokan gaba. Mahaifar mace ranar haihuwa takan kai kilo 1. Zuwa arba'in ko jim kaɗan bayanta ta koma giram 100 ko ƙasa da haka, ba tare da an sa wuƙa ba, kuma su ne suka kwashe zaren da ya yi yawa. Da su ƙashin yaro ke tsawo, da su bangon mahaifa ke zuba kowane wata. Jiki kuma bai sake su sakaka ba. Yana ƙera su ne da baki a toshe, sai an isa inda ake buƙatar aikin ake buɗewa. Sannan akwai wasu furotin iri huɗu da ake kira TIMP, aikinsu kawai su kama MMP ɗaya bayan ɗaya su rufe masa baki idan ya gama.

Ka ga yadda ake gyaran katangar ƙasa kafin damina. Ba a ɗora sabon yaɓe a kan wanda ya ruɓe, sai an kankare tsohon har an tarar da ƙasa mai ƙarfi. To haka rauni yake. A kwanakin farko fararen ƙwayoyin jini ke cika wurin, ɗauke da MMP-8 da MMP-9, su kankare mataccen nama su kashe ƙwayoyin cuta. Idan sun gama sai su janye. Sannan ƙwayoyi masu gini su shigo su shimfiɗa sabon kolajin, ƙananan hanyoyin jini su tsiro, ka ga jan nama mai ɗan gudaji ya cike ramin. Daga ƙarshe ƙwayoyin fata su rarrafo daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ya fi burge ni tun ina ɗalibi shi ne, su kansu masu rarrafen sai da MMP-1 suke tafiya: ƙwayar fata tana kama kolajin da ke ƙarƙashinta, in ba ta yanke inda ta kama ba, ba za ta matsa gaba ba. Ko bayan ciwo ya rufe ana ci gaba da warware zaren ana sake jera shi har shekara guda ko fiye, kuma duk da haka tabo ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

A ƙafar Baba masu kankarar ne suka ƙi tafiya. Idan aka auna ruwan da ke fita daga gyambo irin nasa, akan tarar da MMP-9 da MMP-8 sun ninka na rauni mai warkewa sau da yawa, TIMP kuma ya ragu. Duk sabon zaren da aka shimfiɗa sai su datse shi, har sinadaran da ke kiran ƙwayoyin fata su zo su rufe wurin ba su bari ba. Cin kan da likitan ke nufi ke nan. Irin wannan rikicin ne ke huda kogo a huhun mai tarin fuka, ke cinye guringuntsin gwiwar tsofaffi, ke sa haƙorin mai ciwon dasashi girgiɗa.

Amma ba haka kawai suka ƙi tafiya ba, kiran su ake ta yi. Mataccen naman da ke cikin ramin yana kiran su. Ƙwayoyin cutar da suka yi yauƙi suka manne a ƙasan ciwon, inda ruwan wanki ba ya ɗaga su, suna kiran su. Sugan da ya hau yana rage wa fararen ƙwayoyin jini ƙarfin kashe cuta, ya kuma hana kumburi lafawa. Sai babban cikinsu, wato taku. Ni a wasiƙarka ba wata bakwai ne ya tayar min da hankali ba, rashin zafin ne. Suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, shi ya sa za ka ji mai shi yana cewa kamar auduga yake takawa. Mai lafiyayyar ƙafa in ƙaya ta soke shi ɗingishi zai yi ko bai so ba, ɗingishin kuwa shi ne hutun da ciwon ke buƙata. Baba ba shi da wannan. Ƙasan babban yatsa wuri ne da nauyin mutum ke sauka a kowane taku, kantar da ke gefen ciwon kuma tana danna naman da ke ƙarƙashinta ta murje shi. Abin da jiki ya gina da dare, tafiyar gona ta rushe shi kafin hantsi, sannan a tsoma ƙafar cikin ruwan fadama. Kowace safiya sabon rauni ne a wuri ɗaya, kowane sabon rauni kuma sabon kira ne.

Ka tambayi maganin da zai hana su yanka. An nema, an kashe dukiya mai yawa. Da aka gano ciwon daji da su yake huda bangon nama ya bazu, sai kamfanoni suka shiga tsere a shekarun 1990. Wani kamfani a Oxford ta Ingila, British Biotech, ya fito da batimastat sannan marimastat, magungunan da ke kama zink ɗin nan su toshe bakin kusan dukkan dangin. A ɓeraye sun yi aiki. A mutane ba su ƙara wa masu daji kwana yadda aka sa rai ba, kuma da yawa suka kamu da ciwon kafaɗa da hannu da sandarewar gaɓoɓi, don an tsayar har da gyaran yau da kullum na jijiyoyi. Daga baya ma aka gane wasu daga cikin dangin kare jiki suke yi. Aka watsar.

Wanda ya tsira guda ɗaya ne, kuma zai ba ka mamaki. A 1983 wani likitan haƙori a Amurka, Lorne Golub, yana bincike kan ɓeraye masu ciwon suga, ya lura magungunan dangin tetrasaikilin suna rage kaifin masu yanka kolajin ko da babu ƙwayar cuta a wurin. A 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da doksisaikilin, ɗaya daga cikin dangin tetrasaikilin, miligiram 20 sau biyu a rana, don ciwon dasashi. Kafso ja da yalo ɗin da kuka zuba ɗan wannan gidan ne. Na san wani mai kemis zai karanta wannan ya ce ai dama ya faɗa. Bai faɗa ba. Amincewar ta dasashi ce, ta ƙwayar da ake haɗiya da awo, bayan an goge dattin haƙori. Garin kafso a cikin rami cakuɗewa yake da ruwan ciwo ya yi ɓawo, mugunya ta taru a ƙarƙashi, ƙwayoyin cuta su saba da maganin, kuma bai cire mataccen nama ko ya hana taku ba. Ku daina. Doksisaikilin kansa ba a ba mai ciki ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8 sai da dalilin likita. Kada kuma wani mai kaifin basira ya ce tunda da zink suke yanka a hana Baba nama da wake. Masu ginin ma da zink suke aiki.

Tunda ba a iya toshe musu baki, abin yi shi ne a daina kiran su. Kankarar da Baba ya ƙi ita ce farko. Ka gaya masa ba za a taɓa lafiyayyen nama ba, kanta da ruɓaɓɓen ne za a cire har a tarar da mai jini, kuma a ƙafar da ba ta ji yawanci zafin kaɗan ne, in ma akwai ana yin allurar kashe zafi. Ramin zai ƙara faɗi a ranar, wannan girmansa ne na gaskiya da kanta ta ɓoye. Akan maimaita ba sau ɗaya ba. Kafin a fara, likita ya taɓa bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu, don idan jini ba ya isa ƙafar, lissafin ya canja. A kuma zura ɗan ƙarfe mai tsabta a ji ko ramin ya kai ƙashi, in ya kai a yi hoto.

Na biyu ya fi wuya, kuma ba a asibiti ake yin sa ba. Ƙafar nan ta daina ɗaukar nauyi. Mafi inganci a naɗe ta da filasta irin ta karaya ko takalmi na musamman, in babu a yi sandunan dogarawa da soso mai kauri da aka huda daidai ciwon. Gona kuwa sai haƙuri na wasu makonni. Na san abin da ake nufi da a ce wa manomi ya zauna a gida shinkafarsa tana neman ruwa, kuma na san in ba a tsayar da wanda zai riƙe gonar ba, ranar uku za ka tarar da tabarma babu kowa. Baffannin da suka damu har suka gano sammu, ga inda za su taimaka: su haɗa masa gayya. Addu'a da rubutun sha ban hana ba, amma kada a zuba komai a cikin ramin.

Wanki da ruwan gishiri na asibiti, a rufe da bandeji mai ɗan danshi, a canja in ya jiƙe. Sifirit da ruwan kumfa na haidirojin suna ƙona sabon nama in ana sa su kullum, jibi kuma rufe mana launin ciwon yake, mu da launi muke karanta shi. Wajen alwala kada ruwa ya shiga. Shafa a kan bandeji hukunci ne sananne a fiƙihu, limaminku zai yi masa bayani. A riƙa auna suga, in likita ya ce allurar insulin ce kada a tsorata, ba alamar ƙarshe ba ce. A rage malmalar tuwo da shayi mai suga, a ƙara wake, ƙwai, gyaɗa, zogale da kifi, ku da kuke kusa da Haɗeja ba ku da uzuri a kan kifi. A tambaya ko ya yi allurar tetanus. In yana shan taba, yanzu ne lokacin bari.

Ga wani aiki naka, Malam, tunda kai mai alli da biro ne. Duk mako ka ɗora farar leda mai tsabta a kan ciwon ka zana gefensa, ka rubuta kwanan wata. Idan an yi mako huɗu ana duk abin da na lissafa faɗin bai ragu da rabi ba, da wuya ya rufe a haka, ku nemi takardar tura ku Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano. A can ne kuma za a yanki ɗan nama a auna in ana zargin daji. Bayaninka bai yi kama da daji ba, amma gyambon da gefensa ya tashi ya naɗe, ko ya yi baƙin tabo mai yaɗuwa, ko yake jini da an taɓa, ba a rantsuwa a kansa sai an auna. Idan kuwa ƙafar ta kumbura ta yi ɗumi, ko wari ya canja, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya zo, ko suga ya ƙi sauka, ranar za ku tafi, ko da dare ne.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni uwa ce daga yankin Roni. Kububuwa ta sari ɗana mai shekara 14 a idon sawu yana kiwo. Washegari jini ya riƙa fita ta dasashinsa, har wani tsohon ƙurji da ya bushe ya ɓalle da jini. An yi masa allurar dafi a asibiti, alhamdu lillahi ya tashi. Abin da ban gane ba, sara a ƙafa me ya kawo jini a baki?

AMSA: Barka da arziki Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Na ajiye wasiƙarki kusa da ta sama ne don asalin maganar ɗaya ce. Babban makamin dafin kububuwa enzayim ne masu zink a baki, 'yan uwan waɗanda na yi bayani, sai dai nata ba su zo da mai tsawata musu ba. Daga wurin saran suke shiga jini su zaga jiki duka, su yi ɓarna biyu. Wasu suna yanka siririn kolajin da ke naɗe da ƙananan hanyoyin jini, sai su fara yoyo. Wasu kuma suna tayar da daskarewar jini ba gaira ba dalili, har jiki ya ƙarar da sinadarin da yake daskarar da jini da shi. Ga hanya ta huje, ga jini ba ya daskarewa. Dasashi ne ke fara nunawa saboda fatarsa siririya ce kuma tauna da asuwaki suna gurzar sa kullum. Wanda muke tsoro shi ne wanda ba a gani, a cikin kai ko a ciki.

Gwajin da ake yi da sauƙi yake, kuma aikin da David Warrell da abokansa suka yi a Arewacin Najeriya a shekarun 1970, yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ya yaɗa shi. A zuba ɗan jini a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, a karkata. In ya zuba kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allura. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe, wanda ya shahara da jinyar saran maciji, da wannan gwajin yake aiki. Marimastat ɗin nan da ya gaza a kan daji, masana a Liverpool sun nuna a 2020 yana toshe dafin irin waɗannan macizai a jikin ɓeraye, amma har yanzu bincike ne, allurar dafi ita ce magani.

Saboda haka tsaga wurin sara ga wanda jininsa ba ya daskarewa ƙarin hanyar zubar jini ne, ɗaure ƙafa tamau kuma yana iya kashe ta. A kwantar da mutum, a ɗaura wa ƙafar itace kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da ya ce garau yake ji. Don zafi farasitamol kawai, banda asfirin da diklofenak da ibufurofen. Shi kuma yaronki, in cikin mako biyu da allurar ya yi zazzaɓi da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi, yawanci jiki ne ke amsa allurar, a mayar da shi a ba shi magani. In jini ya dawo ko ya yi ciwon kai mai tsanani, kada a jira gari ya waye. Kafin ya koma kiwo a saya masa takalmin roba mai dogon wuya, don yawancin saran kububuwa a ƙafa yake, ƙasa da gwiwa.